Sunan Gida da Sunan Bariki: Matsalar Neman Sojan da Ya Rasu a Yaƙi cikin Kundayen Turawa

1.0 Gabatarwa

Rijiyar Zaki tana yamma da ganuwar Kano, a kan hanyar Gwarzo, cikin ƙaramar hukumar Ungogo. Birni ya riga ya cim mata, amma a zamanin da wannan maƙala ke magana a kai tana cikin karkarar nan mai cunkoson jama'a da ta kewaye Kano, inda gona ke manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta. Ƙasa irin wannan kullum tana fitar da samari, wasu cin rani, wasu fatauci, wasu kuma aikin soja. Saboda haka a garuruwan wannan yanki ba abin mamaki ba ne a ji gidan da ake cewa wani kaka ko ƙanen kaka ya tafi Yaƙin Jamus ko Yaƙin Bama, bai dawo ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wa manazarci yadda ake neman irin wannan mutum a rubuce. Abin da za a nuna shi ne, babbar wahalar aikin ba ta rashin takardu ba ce kaɗai. Ta harshe ce da al'ada. Mutumin da ya bar gida da suna guda, sau da yawa da wani sunan dabam ya shiga littafin soja, kuma da wannan na biyun aka binne shi. Wanda bai fahimci yadda aka yi wannan sauyi ba, yana iya duba sunan kakansa a allon kwamfuta ya wuce bai gane shi ba.

2.0 Yaƙe-yaƙen da Ake Magana a Kai

Rundunar da ta ɗebi waɗannan mutane ita ce wadda Lugga ya harhaɗa daga shekarar 1897 domin tsaron iyakokin Afirka ta Yamma. Da aka haɗe Arewa da Kudu a 1914, sai ɓangarenta na wannan ƙasa ya zama Rajimantin Nijeriya. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an tura ta Kamaru daga 1914 zuwa 1916, inda aka gwabza a Garwa da Mora. A ƙarshen 1916 kuma aka kwashi birged guda ta jirgin ruwa zuwa Darussalam, a ƙasar da Jamus ke mulki a Afirka ta Gabas. A can yunwa da cuta suka ci mutane a bakin kogin Rufiji, sa'an nan aka yi mummunar ɓarna a gumurzun Mahiwa cikin Oktoba 1917. Ƙiyasin da masana suka fi kawowa shi ne masu riƙe da bindiga kimanin 17,000, 'yan ɗaukar kaya kuwa fiye da 30,000.

A Yaƙin Duniya na Biyu adadin 'yan Nijeriya ya haura 100,000. Wasu sun yaƙi Italiya, suka shiga Mogadishu a Fabrairu 1941, suka zarce Habasha. Mafi yawan waɗanda suka ga wuta kuwa a Bama suka gan ta, cikin Runduna ta 81 da ta 82. Sanin bataliyar mutum yana da amfani ƙwarai, domin ita ke nuna inda za a nemi kabarinsa. Bataliya ta 4 tana cikin waɗanda suka bi kwarin Kaladan a 1944. Ta 6 da ta 7 da ta 12 an cire su aka haɗa da mayaƙan Cindit, aka sauke su ta jirgin sama a bayan dagar Japan. Ta 1 da ta 2 da ta 3, da ta 5 da ta 9 da ta 10, su ne na Runduna ta 82, waɗanda suka shiga Myohaung a Janairu 1945 suka gangara yankin Arakan. Sunayen barikokinmu irin su Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Cindit a Zariya, da Dodan a Ikko, duk daga wannan yaƙi aka samo su.

3.0 Yadda Suna Ke Sauyawa

Bahaushe ba suna ɗaya gare shi ba. Akwai sunan yanka, wanda liman ya raɗa ranar bakwai. Akwai sunan rana, kamar Ɗanladi da Ɗanjuma da Ɗan'asabe. Akwai na yanayin haihuwa, kamar Tanko da Mati da Gambo da Anaruwa. Akwai kuma laƙabin da alkunya ta haifar, domin uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, mace ba ta kiran sunan mijinta, kuma yaron da ya ci sunan kakansa sai a riƙa ce masa Abba ko Baba. Sakamakon haka shi ne, sunan da tsohuwa ta riƙe ta ba jikokinta, watakila ba shi ne wanda saurayin ya faɗa wa akawu ranar da aka ɗauke shi kurtu ba. Wajibi ne manazarci ya tattaro sunayen gaba ɗaya kafin ya buɗe kowane kundi, ya kuma tambayi fiye da mutum ɗaya, maza da mata, saboda kowane ɓangare na gida da sunan da ya sani.

Mataki na biyu na sauyin a bariki yake faruwa. Littafin soja yana bukatar suna biyu bisa tsarin Turawa, Bahaushen wancan zamani kuwa ba shi da sunan dangi da ake gada. Abin da aka saba yi shi ne a liƙa wa mutum sunan gari ko na ƙabila. Sojan nan na Gwalkwas da ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Agusta 1914, a ƙasar Togo, an san shi da Alhaji Grunshi, alhali Grunshi sunan jama'a ne ba na uba ba. Haka aka yi wa dubbai. To, akawun da ya ji kurtu ya ce shi mutumin Rijiyar Zaki ne, ko Fanisau, ko Rangaza, da wuya ya rubuta wannan. Kano zai rubuta. Ta haka sai ƙauye ya ɓace cikin birni, a sami Audu Kano da Musa Kano da Garba Kano barkatai, ba abin da ya bambanta su sai lamba. Har ila yau, kalmar Kano a bayan suna ba hujja ba ce cewa mutum Bakano ne. Tana iya nufin wurin da aka ɗauke shi kawai. Bazabarme ko Babarbare ko mutumin Damagaram da ya zo cin rani ya shiga soja a Kano, shi ma Kano za a kira shi. Hausa ita ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa ana yi musu jarrabawa a kanta, don haka duk wanda ya sa kaki daga Arewa ana iya lissafa shi Bahaushe.

Akwai kuma waɗanda suka sauya suna da gangan. A farkon ƙarni na 20 da yawa daga cikin masu shiga soja bayi ne da suka tsere, ba su kuwa da dalilin faɗar sunan da ubangijinsu zai gane. Wani ya gudu ne daga bashi ko haraji ko fushin mahaifi. Wani kuma an ɗora wa dagaci kawo mutum kaza, aka tura shi a madadin wani. Irin waɗannan su ne mafi wuyar samu, domin su da kansu suka share sawunsu.

Mataki na uku shi ne rubutu, kuma a nan ne masanin harshe ya fi masanin tarihi amfani. Ko da yake Ɗan Hausa ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko tun 1912, ƙamus ɗin Bargery kuma ya fito a 1934, akawun soja bai damu da su ba. Sau da yawa ma ba Bahaushe ba ne, da kunnen harshensa yake ji. Muhammadu yana iya fitowa a Momadu ko Mamadu ko Momo ko Moma. Audu ya zama Awudu ko Abudu, Garba ya zama Garuba, Usman ya zama Osuman ko Osumanu, Umaru ya zama Imoru ko Moru, Ibrahim ya zama Braima ko Brimah, Yusufu ya zama Yesufu. Baƙaƙe masu lanƙwasa babu su sam. Harafin c ana rubuta shi ch, sautin f kuwa yana yawo tsakanin f da p da h, kamar yadda har yau ake rubuta Fanisau da Panisau. Sunayen garuruwa ma da tsohon rubutu suke zuwa: Katsena, Bautchi, Hadeija, Gando, Bornu, wani lokaci Zozo a maimakon Zazzau. Kalmar Ɗan tana iya tsayawa ita kaɗai, ko ta manne da sunan da ke binta, ko a ɗauke ta a matsayin sunan farko. Daɗin daɗawa, rumbun bayanai na kwamfuta yana da gurbin sunan iyali da gurbin sunan farko, kuma ga sojan Afirka sau da yawa an cusa sunayen biyu ne cikin gurbi ɗaya. Dole mai bincike ya gwada kowane rubutu da zai yiwu, ya juya sunayen gaba da baya.

Saboda wannan duka, lambar soja ta fi suna daraja. Ba a ba mutum biyu lamba ɗaya a rajimanti guda a lokaci guda. Idan a gida an adana wasiƙa, ko takardar biyan kuɗin mamaci, ko lambar girma ta yaƙin farko wadda akan zana lambar mai ita a gefenta ko a bayanta, to an yi rabin aiki. Abin lura a nan shi ne, mazan jiya sukan riƙe lambarsu da ka har tsufa, wasu ma da ta abokansu. Amma yaƙin ya ƙare tun 1945, wannan tsara kuwa kusan duk ta shuɗe. Abin da ya rage sai 'ya'yansu, da akwatunan ƙarfe da ke ƙarƙashin gado.

4.0 Inda Takardun Suke

Wurin farawa shi ne Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917, hedikwatarta kuma tana Maidenhead a Ingila. Tana riƙe da sunayen mamata kimanin miliyan 1.7, ana iya duba su kyauta ta intanet. Tana da iyakar lokaci da ya kamata a sani: daga 4 ga Agusta 1914 zuwa 31 ga Agusta 1921, sai kuma daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947. Wanda ya dawo gida da ciwo ya rasu bayan wannan wa'adi ba ya ciki. Abin da takan bayar shi ne lamba da muƙami da bataliya da ranar rasuwa da wurin kabari. Ga waɗansu sojojin yaƙi na biyu akan ƙara sunan uba ko na mata da gari, kuma wannan layi guda shi ne kan raba gardama tsakanin masu suna ɗaya.

Waɗanda suka faɗi a Bama, mafi yawansu a maƙabartar Taukkyan suke, arewa da birnin Yangon, wanda a da ake kira Rangun. An fara ta a 1951, aka tono gawawwaki daga maƙabartun Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw aka tara su wuri ɗaya. Akwai kaburbura 6,374 na yaƙi na biyu a cikinta, 867 ba a san masu su ba. A tsakiyarta akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san inda suke kwance ba. Waɗanda suka rasu a asibitocin bayan daga kuwa, ana samun wasunsu a Chittagong da Maynamati, cikin ƙasar Bangaladash ta yau. Na yaƙin farko akwai allunan tunawa a Zariya da Lakwaja da Badun da Kalaba.

Sai dai rashin ganin suna a wannan rumbu ba ya nuna cewa labarin gida ƙarya ne. A Afrilu 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoton wani kwamiti da ta naɗa, wanda ya gano cewa bayan yaƙin farko mutum 45,000 zuwa 54,000, mafi yawansu 'yan Indiya da 'yan Afirka, ba a tuna da su daidai da Turawa ba, sa'an nan aƙalla 116,000, watakila ma har 350,000, ba a rubuta sunansu ko'ina ba. Mafi yawan waɗannan na ƙarshe daga Afirka ta Gabas da Masar suke, kuma 'yan ɗaukar kaya ne suka fi yawa. Sakataren tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa. Rahoton ya kawo ra'ayin Gwamnan Gwalkwas, Guggisberg, na 1923, cewa wai talakan Afirka ba zai fahimci amfanin dutsen kabari ba.

Wannan hujja ta cancanci a tsaya a kanta kaɗan, domin akwai ƙwayar gaskiya a cikinta wadda aka yi amfani da ita aka gina zalunci. Gaskiya ne Bahaushe Musulmi ba ya gina kabari, ba ya rubuta suna a kansa. Itace da katanga da tudun ƙasa sun ishe shi. Amma rashin damuwa da dutse dabam, rashin damuwa da suna dabam. Al'ummar da ke mayar da sunan mamaci ga jaririn da aka haifa bayansa, take yi masa sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ba za a ce ba ta san darajar tunawa ba. Abin da iyalin soja ke bukata daga hukuma shi ne tabbacin mutuwa, domin a kansa ne takaba da rabon gado da auren matar da aka bari suka rataya. Wanda ya ƙi ajiye sunan, wannan haƙƙin ya tauye.

Daga nan ne wata hanya ke buɗewa wadda ba a cika bi ba, watau kundayen alƙalai. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, matar wanda ya ɓace ana yanka mata shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara aka bincika, sa'an nan ta yi idda irin ta mamaci, dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai lokacin da ba a zaton irinsa yana raye ya wuce. Ke nan sojan da aka daina jin ɗuriyarsa yana iya barin sawu a gaban alƙali, kuma a can da sunansa na gida da na ubansa da na ƙauyensa za a rubuta shi, cikin Larabci. Aikin Allan Christelow a kan shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas, wanda ya fito a 1994, ya nuna irin dukiyar da ke cikin waɗannan kundaye. A ganina, duk ɗalibin da ya iya Larabci ya kuma iya karanta rubutun hannu na Turawa, shi ne zai iya haɗa sunan gida da na bariki.

A Kaduna, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa yana da fayilolin Lardin Kano masu alamar KANOPROF da na Sakatariyar Arewa masu alamar SNP. A cikinsu ake neman wasiƙun ɗaukar kurata da na biyan haƙƙin mamata, domin saƙon hukuma yana bi ne ta hannun Razdan zuwa Sarki, zuwa hakimi, zuwa dagaci da mai unguwa. Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Ɗan Hausa a Kano su ma a leƙa su. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairu 1939, ta ɗauki labaran yaƙin da wasiƙun sojoji, kuma fa'idarta ita ce sunayen da ke cikinta Bahaushe ne ya rubuta su.

A Ingila, gidan adana takardu na Kew yana riƙe da littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum. Na yaƙin farko suna ƙarƙashin WO 95, na Bama WO 172, na Afirka ta Yamma WO 173. Takardun neman lambar yabo suna WO 373. Kada mai bincike ya sa rai da yawa a nan. Idan hafsa Bature ya faɗi akan rubuta sunansa, sojan Afirka kuwa galibi adadi ne: A.O.R. kaza sun mutu, watau ƙananan sojojin Afirka. Amfanin littafin shi ne, idan an riga an sami ranar rasuwa da bataliya daga hukumar kaburbura, zai faɗi inda bataliyar take a ranar da abin da ya auku, ko kwanton ɓauna ne, ko tsallaka kogi, ko kuwa ranar ba a yi harbi ba, wanda ke nuna cuta ce ta yi kisan.

5.0 Waɗansu Ramuka a Hanya

Kalmar "ya ɓace" a takardar soja ba ita ce ƙarshen magana ba. Isaac Fadoyebo, wani ma'aikacin jiyya Bayarabe na Runduna ta 81, an harbe shi a bakin kogin Kaladan a Maris 1944, aka ɗauka ya mutu. Ashe wani manomi Musulmi ne ya ɓoye shi tare da abokinsa ɗan Saliyo wata da watanni, har aka cece su, ya koma gida ya rubuta labarinsa. Akasin haka ma yana yiwuwa: wanda gida ke cewa ya mutu a yaƙi, watakila an sallame shi ne ya zauna a Ikko ko Kaduna bai koma ba.

Sa'an nan ba duk wanda aka ce an ɗebe shi lokacin yaƙi ne ya shiga soja ba. Daga 1942 zuwa 1944 an tilasta wa dubban talakawan lardunan Arewa aikin haƙar kuza a ƙasar Jos, abin da aka sani da ɗiban gwamna, kuma mutane da dama sun mutu a can saboda sanyi da yunwa da cuta. Waɗannan ba su cikin kowane kundin soja. Haka nan wanda ya ƙetare iyaka ya faɗa hannun Faransa a Maraɗi ko Damagaram, a takardun Faransa za a neme shi, inda Usman zai koma Ousmane, Ciroma ya koma Tchiroma. Ma'aikatar sojan Faransa ta sa katunan mamatanta na yaƙin farko a intanet ƙarƙashin sunan Mémoire des hommes.

Batun shekara ma yana rikitarwa. Dattijon karkara ba zai ce 1917 ba. Zai ce bayan Kakalaba, watau yunwar 1914, ko kafin Marisuwa, annobar 1918, ko kuma zamanin Sarki Abbas ko na Sarki Alhaji Abdullahi Bayero. Da yake Jamus ce abokiyar gaba a yaƙe-yaƙen biyu, labarin gida yakan cuɗa su, a ɗauki mutumin Kamaru a kai shi Bama. Tambayar da ta fi saurin warware wannan ita ce: wane ne dagaci a lokacin, kuma wace haihuwa ko wane aure aka yi a gidan a shekarar da ya tafi.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya fi kusa da mu, shaidunsa kuma suna nan da rai, amma mamatansa ba su shiga aikin hukumar Kwamanwel ba. Takardunsu suna hannun Rundunar Sojan Nijeriya, wadda ofishin bayanan ma'aikatanta ke Lakwaja, sai kuma abin da rassan ƙungiyar mazan jiya suka riƙe. A wannan karon akawun ɗan ƙasa ne, rubutun suna ya gyaru ƙwarai, amma al'adar liƙa sunan gari ba ta gushe ba, don haka a nan ma lambar ce za a fara tambaya.